Ɗan Dakon Machu Picchu

Pukarumi, watan Afrilu

Zuwa ga ƙanena Nemesio,

Turay, ɗan'uwana, gaisuwa mai tarin yawa daga ni da yara, da fatan kana lafiya kai da matarka Clotilde. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Ruwa ya ɗauke, dankali ya yi kyau, tunkiyar nan mai kunne ɗaya ta sake haihuwa.

Ba zan ja ka da nisa ba, ka san ni da biro ba ma ga maciji. Maganar idon Tayta babanmu ce. Ka tuna da ka zo Kirsimeti yana zuba miya a gefen kwano, kana dariya wai tsufa ne? To ba tsufa ba ne. Makon jiya ya taka kaza a tsakar gida da rana tsaka, kaza tana kwance dab da ƙafarsa, ya ce bai gan ta ba. Na tasa shi gaba muka shiga mota zuwa Kusko, yana gunaguni tun daga ƙofar gida har ƙofar asibiti. Likita ya duba ya ce hawan jinin ido ne. Na hagu ya riga ya tafi, ba mai dawo da shi. Na dama saura ɗan tsakiya kawai, kamar mai leƙe ta cikin kara. Ya ce in aka yi masa aiki a Lima da wuri, ƙila a tsare abin da ya rage. In aka yi sanya, shi ma zai rufe.

Na ce to ai da sauƙi, ga ɗansa can a Lima. Muka dawo gida da Tayta. Ya zauna bakin murhu yana tauna ganyen koka, can sai ya ce, "Ba inda za ni sai na shiga Machu Picchu."

Na ce, "Haba Tayta, Machu Picchun da ka ƙarar da ƙuruciyarka kana zuwa?"

Ya ce, "Wa ya ce miki na taɓa shiga?"

Nemesio, ka san wannan? Ni dai ban sani ba, kuma ni ce babba. Tun kafin a haife ni mutumin nan yake ɗaukar wa baƙi 'yan yawon buɗe ido tanti da tukwane da tukunyar gas a kan hanyar dutsen nan, ashe bai taɓa sa ƙafa cikin tsohon birnin nan na mutanen dā ba. Wai a zango na ƙarshe akwai mararraba. Baƙi su bi ta sama da ɗan jagoransu su je kallo, 'yan dako kuma su kwashe kaya su gangara ta ƙasa da gudu, don jirgin ƙasa na farko ne kaɗai ke ɗaukar su da lodinsu, in ya wuce sun shiga uku. Haka kullum, har bayansa ya gaji ya ajiye aikin. Na ce me ya hana shi faɗa mana? Ya ce ba wanda ya tambaye shi. 

Na yi faɗa, na yi lallashi, na yi kuka na gaske, na yi na ƙarya. Ko gezau. Kai ne namiji, kai ne ɗan birni, sai ka rubuto abin da zan karanta masa ya ji.

Yara suna gaishe ka. Allah ya tsare ka.

Yayarka,
Eusebia

*

Lima, farkon watan Mayu

Zuwa ga Yayata mai daraja,

Panay, 'yar'uwata, bayan gaisuwa da fatan alheri, na sami wasiƙarki, kuma na fahimci abin da ke cikinta. Hankalina ya tashi ƙwarai. Clotilde tana gaishe ki, tana kuma yi wa Tayta sannu.

Ban zauna ba. Maigidana na gidan burodi yana da suruki da ke aiki a wani asibitin ido, kuma ta hannunsa an ba mu rana a ƙarshen wannan wata. Ki sani samun irin wannan rana a Lima ba ƙaramin abu ba ne. Akwai waɗanda ke bin layi tun bara.

Saboda haka ina roƙon ki ki sa shi a motar Kusko zuwa Lima cikin mako mai zuwa. Zan tarye shi a tasha. Mun riga mun gyara masa wurin kwana.

Game da Machu Picchu, ni ma ban sani ba, kuma abin ya taɓa ni. Amma mu yi aiki da hankali. Duwatsun nan sun yi ɗaruruwan shekaru a inda suke, ba za su tashi cikin wata biyu ba. Ido kuwa kullum raguwa yake. Ki faɗa masa na yi alkawari: da zarar ya warke zan ɗauki hutu in kai shi da kaina. Za mu shiga jirgin ƙasa mai kujerun katifa, wanda baƙi ke shiga, daga nan mota ta hau da mu har bakin ƙofa. Ba zai taka dutse ko ɗaya da wahala ba. Zan saya masa takalmi da riga mai kauri, a ɗauke shi hoto a wurin, mu rataye a ɗaki. Ya wahala wa mutane iya wahala, lokaci ya yi da shi ma za a yi masa hidima.

Ki yi amfani da bakin nan naki da kowa ke tsoro a Pukarumi. In kika so, kya iya.

Ina jiran jin ranar tasowarsa. Ki miƙa gaisuwata ga Tayta cikin girmamawa.

Ƙanenki mai biyayya,
Nemesio

*

Pukarumi, ƙarshen watan Mayu

Turay,

Gaisuwa, da fatan kuna lafiya. In ka je tasha tarye, to ka yi haƙuri, ka ga ba kowa.

Na karanta masa wasiƙarka sau biyu, har da irin muryar nan taka ta mutanen Lima. Ya saurara tsaf. Da na gama ya ce, "Ki ce wa ɗan burodi na gode. Amma in likita ya buɗe idon ya tarar ba abin da zai iya, da me zan je kallon? Da bandeji?"

Na ce ai likita ya san aikinsa. Ya ce shi ma likitan cewa ya yi ƙila, kuma shi ba zai ba da abin da ke hannunsa a kan ƙila ba.

Da na zo kan jirgi mai katifa kuwa, sai da ya tofar da kokar bakinsa. Ya ce, "Duwatsun da ke kan hanyar nan sun san ni ɗaya bayan ɗaya. Apu ne, iyayengijin tsaunuka, manyanmu ne. Kowace tafiya sai na hura musu ganyen koka na nemi izini, su suka tsare ni ban taɓa faɗawa rami ba. Yanzu in bi ta ƙarƙashinsu a cikin akwatin ƙarfe ko sannu babu, in ɓullo wa gidan ta baya kamar mai kawo sammaci? Da ƙafa zan je, ta inda na saba, in shiga ta Ƙofar Rana kamar yadda masu gidan suka tsara."

Ka ji fa. Mutumin da ke taka kaza shi zai hau dogon tudun nan na kan hanya da ake kira Matar da ta Mutu! Na ce masa sai dai a canza wa tudun suna. Ya yi dariya har da tari, sannan ya ce in miƙo masa allura. Yanzu haka yana zaune yana lalube yana ɗinke takalmansa na taya.

Kada ka ce min in yi amfani da baki. Bakin nan a wurinsa na gada, ya fi ni iya shi.

Ga inda muke. Ni ba zan iya raka shi ba. Sanyin ƙanƙara ya fara sauka, lokacin yin chuño ne, busasshen dankalinmu na ajiya, dankali na baje a fili yana kwana a sanyi, da rana mu tattake shi. In na bar shi, me za mu ci a damina? Mijina Leoncio kuma yana can daji wurin wankin zinariya, sai Allah ya dawo da shi. Shekaranjiya na nemi Tayta na rasa, sai can bakin kogi na same shi da sanda, wai yana gwada ƙafa. Ya ce bayan bikin tsakiyar Yuni zai tafi, da ɗan rakiya ko babu. Na san shi, ka san shi. Zai tafi.

Ina jin tsoro, Nemesio. Ina tsoron idon, ina tsoron ramin. Amma ranar nan a bakin kogi na ga yadda ya ɗaga kai yana neman tsaunin da ɗan guntun ganinsa, yana juya wuya kamar kaza mai neman shaho, sai na ji ba zan iya ce masa a'a ba kuma. Ka zo ka kai ubanka. Burodin Lima ba zai ƙare don ka yi mako ɗaya ba ka nan ba.

Allah ya kawo ka lafiya.

Eusebia

*

Lima, watan Yuni

Panay,

Gaisuwa. Na tsaya a tasha har motar ƙarshe ta sauke mutane. Na koma gida raina a ɓace, kuma na rubuta miki wata wasiƙa da Clotilde ta karanta ta ce in yaga. Na yaga.

Na je na ba surukin maigida haƙuri, na sha kunya, an ɗage mana ranar zuwa Yuli. Ya ce daga wannan babu wata. Har yanzu ina ganin kuskure ne, kuma ina so ki san haka. Amma ba zan bar shi ya hau dutsen nan shi kaɗai ba.

Ina tafe bayan biki. Na sayi babbar jakar goyo da tanti. Ki gaya masa sharaɗina ɗaya ne: ni zan ɗauki komai, ko cokali ba zai riƙe ba. Daga can kuma kai tsaye Lima, ba tsayawa. Ki soya mana masara.

Ƙanenki,
Nemesio

*

Garin Ruwan Zafi, ƙarƙashin dutsen, ƙarshen Yuni

Panay,

Gaisuwa. Muna lafiya, mu biyun. Na fara da wannan don na san ki, in ban faɗa ba sai ki tsallake zuwa ƙarshen takarda. Tayta na can yana jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi, ni kuma ƙafafuna ba nawa ba ne. Matar nan mai sayar da dafaffiyar masara a jirgi za ta kawo miki wannan.

Kin ga yadda muka fita: ni da jaka kamar ɗaki a bayana, shi da sanda kawai. Takalman da na saya ya ce in ajiye wa ranar jana'izarsa. A bakin gada ya tsaya ya jera ganyen koka, ya hura wa kowane tsauni da sunansa, ya ce, "Ni ne Hilario, na dawo. Wannan ɗana ne, bai san komai ba, ku yi masa haƙuri."

Ranar farko lafiya. Da muka kama matakalar tudun Matar da ta Mutu ne abu ya lalace. Tayta ya fara faɗuwa, kuma kullum ta fuska. Ya tashi, ya yi ɗan gaba, ya sake kifewa. Na ce ido ne, na kama hannunsa, abin ya ƙara muni. Ya fasa gwiwa, ya fasa goshi, jini har cikin gira. Na zaunar da shi a kan dutse ina goge masa, na ce, "Tayta, ka gani ko? Mu koma."

Na zaci zai zage ni. Sai ya shafa gwiwa, ya ce, "To. Mu koma." Panay, ban taɓa jin muryarsa haka ba, ko ranar da aka binne Mama. Abin da nake nema tun watan Mayu ke nan, ga shi na samu, kuma sai na ji kamar in nutse a ƙasa.

Muna nan zaune sai ga ayarin 'yan dako suna hawowa da sassarfa. Na ƙarshensu wani tsoho ne ba haƙori a gaba, da tukunyar gas a baya. Ciprian ne, na ƙauyen sama, abokin aikin Tayta na dā. Ya ja birki ya dubi Tayta, ya dube ni, ya dubi jakata.

Ya ce, "Hilario! Wa ya turo ka hanya tsirara?"

Na fara yi masa bayanin hawan jinin ido. Ya katse ni. "Kai ne ɗan burodin? Kai, amma an yi dogon banza! Ka kwashe kaya kaf ka bar ubanka da baya fayau? Dube shi yadda yake tsayuwa. Ya sunkuya gaba yana jiran nauyin da zai ja shi baya, nauyin babu. Ba dole ya ci ƙasa ba? Ni nan in ka sauke min gas ɗin nan a kan matakala, sai ka kwashe ni a kwando."

Na ce wa Tayta me ya sa bai faɗa min ba? Ya ce, "Ni ma ina na sani? Ban taɓa hawa nan ba kaya ba."

Ciprian ya zazzage jakata a ƙasa, jakar da na yi ta alfahari da ita, ya ƙulle tanti da tukunya da abinci a cikin bargo, ya ɗora wa Tayta, ya ja igiya ta ƙirji. Tayta ya girgiza kafaɗa sau ɗaya, kayan suka zauna. Sai kawai ya kama hanya. Ko sandar bai ɗauka ba. Ni da jakar da ba komai a ciki sai riguna, ina bayansa ina haki kamar kare, kaina na sarawa, shi yana gaba yana cewa, "Nan akwai dutse mai motsi, bi ta hagu. Nan gaba kaɗan akwai ruwa." Na leƙa fuskarsa a wani wuri, ashe ma idon a rufe yake, wai hasken na damunsa. A ƙololuwa ya ɗora ɗan dutsensa a kan tarin da matafiya ke yi, ya jira ni na iso, ya ce in zauna kada in mutu masa a hanya.

Daga nan tare muka yi ta tafiya da su Ciprian har zango na ƙarshe. Da gari ya fara haske suka ɗaure kaya, muka iso mararrabar nan da kika ba ni labari. Suka karkata ƙasa. Ina gyara igiyar takalmi, na ɗago, sai na ga Tayta ya bi su! Ya yi nisa a gangare, a tsakiyar layi, kansa a sunkuye. Na ƙwala masa kira. Ya tsaya, ya juyo, ya ce, "Af. Ƙafa ce." Suka fashe da dariya, har da masu riƙe ciki. Sai dariyar ta mutu da kanta. Na tambayi Ciprian ko shi ya taɓa shiga. Ya ce, "Da wane lokacin?" Duk ayarin nan ba wanda ya taɓa. Ya dafa Tayta ya ce, "Je ka duba mana da kyau. Ka dawo ka faɗa mana ko abin ya kai wahalar." Suka gangara da gudu, don jirgi ba ya jira.

Daga mararraba zuwa gaba ƙafarsa ba ta san komai ba. Nan ya koma tsoho mai ciwon ido. Ni nake gaba ina cewa ɗaga, sauke, rami a dama, yana bi a hankali yana maimaitawa a ransa. Da muka kai Ƙofar Rana gajimare ya rufe komai. Muka zauna muna cin masararki. Can iska ta yaye shi, sai ga birnin a ƙasa gaba ɗaya, gidaje da gonaki hawa-hawa a kan sirdin dutse, kogi ya zagaye shi can ƙasa. Na ce, "Tayta, ga shi!" Ya miƙe ya ce, "Ina?" Na kama kansa na saita. Ya daɗe yana juya wuya. Ya ce yana ganin ɗan kore, in ya matsa kaɗan ɗan toka-toka, amma ya kasa haɗa su. Na juya baya don kada ya ji ina kuka. Ya ce, "Ya yi nisa ne kawai. Mu matsa."

A bakin shiga mai gadi ya ce ba a shiga da babban kaya, kada a goge bango. Ɗan kwarinmu ne, da harshenmu ya yi magana, har ya ce Tayta ya yi haƙuri, doka ce. Tayta bai yi musu ba, ya sauke. Taku kaɗan ya yi sai na ga ya tafi gaba zai kife. Na cafke kafaɗunsa ta baya da hannu biyu. Ya tsaya cak. Ya ce, "Yawwa. Tsaya haka. Danna." Na danna. Ya ce, "Ƙara mana! Iska kake ci a Lima?" Na saki masa nauyina duka. Haka muka shiga Machu Picchu, Panay, shi a gaba, ni a rataye a bayansa ina juya shi dama da hagu. Baƙi na ta kallonmu, wasu har da ɗaukar hoto. Ko a jikina.

Da yake ba ya ganin abu sai ɗan kaɗan, sai ya riƙa kai hancinsa dab da bango yana bin dutse ɗaya-ɗaya. A wurin bangon nan mai santsi ya bi layin da duwatsu biyu suka haɗu, ba laka ba komai a tsakani, ya gwada tura gefen ganyen koka, ya ƙi shiga. Ya yi ta girgiza kai. Ya ga wasu ƙulu-ƙulu da aka bari a jikin manyan duwatsu, ya ce, "Nan igiya ta kama." A wata ƙofa ya sa na ja shi baya, ya bi ta da ido daga ƙasa zuwa sama. Kin san ƙofofin mutanen dā, ƙasa faɗi, sama tsuke, bangon kuma ya ɗan kwanta ciki. Ya ce, "Ka ga yadda ta buɗe ƙafa ta sunkuya? Wanda ya gina wannan ya taɓa ɗaukar kaya. Shi ya sa girgizar ƙasa ba ta kayar da ita."

Ruwan da ke bin 'yar magudanar dutse kuwa kunnensa ne ya fara kai shi. Har yau yana gudu, daga wannan kwarya zuwa waccan. Ya wanke fuska, ya wanke ciwon goshinsa. A gonakin hawa-hawa ya ɗebi ƙasa ya murza ya shinshina, ya ce wannan ƙasar kwari ce, ba ta kan dutse ba, a baya aka hau da ita. Sannan ya ce, "Ashe namu ne suka yi. Ni na zaci gidan baƙi ne." Akwai wani fili da aka bar duwatsu an fara sassaƙa ba a gama ba. Ya shafa ɗaya ya ce, "Su ma jirgi ne ya kira su." Ya yi ta dariya shi kaɗai.

Sai da aka busa usur na rufewa muka fito. Na tambaye shi, "Tayta, ka gani kuwa?" Ya ce, "Na gan shi ɗaya-ɗaya, yadda aka kawo shi."

Gobe za mu kama hanyar Lima. Ki yi mana addu'a. Ki gaida yara.

Nemesio

*

Pukarumi, watan Yuli

Turay,

Gaisuwa. Wasiƙarka ta iso tana warin dafaffiyar masara. A filin chuño na karanta, a tsaye, ƙafata cikin dankali. Matan da muke tattakawa tare suka ce sai na karanta da ƙarfi. Da na zo wurin dogon banza har da masu faɗuwa ƙasa, kuma ka yi haƙuri, sunan ya bi ka, duk Pukarumi ta ɗauka. Da na zo wurin Ƙofar Rana kuwa ba wadda ta iya ɗaga kai. Ni ma sai da na tsaya na fyace hanci a zane.

Na gode, ƙanena. Ban saba faɗa maka ba, kada ka sa rai zan maimaita.

Ciprian ya sauko har sau biyu yana tambaya ko akwai saƙo. Na ce masa ya jira mai saƙon.

Yanzu ka faɗa min maganar aikin. An yi? Me likita ya ce? Kada ka yi min irin rubutun nan naka na ofis, ka faɗa min yadda abin yake. Tun da kuka tafi ba na iya zama wuri ɗaya.

Allah ya ba shi lafiya, ya saka maka da alheri.

Eusebia

*

Lima, watan Agusta

'Yata Eusebia,

Ina gaishe ki, ina gaida jikokina. Nemesio ne ke riƙe da biro, na ce kada ya gyara min magana.

An yi aikin, an cire bandeji. Likita yaron kirki ne, ya yi iya yinsa. Ina bambance taga da bango. Shi ke nan abin da ya rage, kuma ya ce ba zai ƙaru ba.

Ƙanenki ya buɗe baki zai tambaye shi ko da mun zo a watan Mayu da idon ya tsira, na taka masa ƙafa. Ke ma kada ki tambaya, kada kuma in ji kun yi wa juna faɗa a kai. Ba ke kika hana ba, ba shi ya kasa ba. Ni na zaɓa, da hankalina, kuma da za a dawo min da idon a ce in sake zaɓa, can zan sake kai shi. Ki yi kukanki yau ki gama, kada in dawo in tarar da saura.

Ki aika wa Ciprian. Ki ce masa na duba, ya kai wahalar. Ki ce masa in ruwa ya ɗauke baɗi ya tara tsofaffin da suka ajiye aiki, waɗanda ba jirgin da ke jiran su. Daga mararraba zuwa ƙofa ƙafata ta riƙe hanya, ni zan shige gaba. Su zo da idanunsu, su tsaya a Ƙofar Rana su faɗa min yadda yake in an haɗa shi gaba ɗaya, don wannan ne kaɗai ban samu ba.

Ina tafe kafin shuka. Allah ya yi muku albarka.

Ubanki,
Hilario